Firjin motar kwana ya daina sanyi, a gyara ko a canza?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, ka yi haƙuri. Bari na maimaita abin da ka faɗa don wanda bai gani ba: ka sayi irin motar nan ta Turawa mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin, Fiat Ducato tsohuwa da ta shigo ta Kwatano, kana tafiya da ita gonar rani wajen Auyo kana yin sati biyu uku a can, firjin cikinta kuma yana kamawa amma sanyin ba na a zo a gani ba, da asuba ruwa ya ɗan yi sanyi, kafin azahar ya koma kamar wanda aka ɗebo a famfo. Wani yaro mai gyara ya duba ya ce gas ɗinsa ne ya ƙare zai zo ya ɗura, wani kuma ya ce ka cire ka jefar kawai ka saka na gida. Kana tambaya wanne za ka bi.

Toh kafin komai dan Allah ka kira yaron nan ka ce ya dakata, kar ya zo da abin walda ko tukunyar gas ɗinsa kusa da bayan firjin nan. Ba raina shi nake ba, ƙila ya iya aikin firjin gida sosai, amma wannan wata dabba ce daban. Ka buɗe murfin da yake jikin motar ta waje, saitin bayan firjin, ka leƙa da tocila. In ka ga babu wannan baƙar tukunyar kwamfuresa da ake gani a ƙasan firjin gida, sai bututan ƙarfe masu kauri da suka yi lanƙwasa suna gangarowa kamar hanjin rago, da wani dogon gwangwani a gefe wanda aka naɗe da abin tare zafi, toh naka irin wanda yake aiki da zafi ne. Kusan duk motocin nan na Turai na wancan zamanin shi ake saka musu, yawanci za ka ga an rubuta Electrolux ko Dometic ko Thetford a jiki, kuma yana da maɓalli uku, na gas, na batir 12, da na nepa 230.

Shi wannan babu inji a cikinsa ko ɗaya, babu abin da yake juyawa, shi ya sa ba ka jin ƙararsa. Abin da yake cikin bututan nan ruwa ne da amoniya da iskar haidurojin, sai wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake sawa don hana tsatsa ta ciki, an ɗura su da matsi mai ƙarfi an toshe da walda tun daga kamfani. Wuta tana dafa ruwan a wancan dogon gwangwanin, amoniya ta rabu da ruwa ta tashi sama ta zama tururi, ta isa wajen faifan ƙarfen nan na can sama ta huce ta koma ruwa, sai ta gangaro cikin firiza ta haɗu da haidurojin ta sake ƙafewa, wannan ƙafewar ita ce take zuƙe zafin cikin firjin, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jiki in iska ta kaɗa. Daga nan ruwa ya sake shanye ta a waɗancan bututan masu lanƙwasa, ta koma tukunya, wato dogon gwangwanin nan, a sake dafawa. Duk tafiyar nan zafi ne yake kai ta sama, nauyinta ne yake dawo da ita ƙasa. Ka riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa yake tsaye.

Kuma ba sabon abu ba ne fa, wasu ɗalibai biyu ne 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, daga baya kamfanin Electrolux ya ɗauka. Duk wanda ya girma ya san firjin kananzir na da, wanda ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara, mai lagwani a ƙasa kamar fitilar ƙwai, toh shi ne wannan, kananzir ɗin kawai aka canza da gas. Ni a kan irinsa ma na fara ganin abin a wajen ubangidana, ina yaro ina mamakin yadda za a kunna wuta a samu ƙanƙara, har na ɗauka siddabaru ne.

Saboda haka maganar "gas ya ƙare a ɗura" babu ita a nan. Babu bakin ɗurawa, kuma gas ɗin firjin gida da ake sayarwa a gwangwani ba ya yi masa aiki ko kaɗan. Akwai wata shekara da aka kawo min guda ɗaya a bayan a-kori-kura, wani ya riga ya sa zarto a bututun wai zai haɗa masa bakin ɗuri, mai firjin ya ce min yana fara yanka abin ya yi tsartuwa, wari ya cika shagon, kowa ya watse waje yana tari yana hawaye, shi mai yankan sai da aka yi ta zuba masa ruwa a ido aka kai shi asibiti. Allah ya taƙaita bai makance ba. Firjin kuma da ƙila toshewar bututun hayaƙi ce kawai take damunsa, shikenan ya zama kayan 'yan gwangwan.

Abu na farko da za ka duba, tun kafin ka ɓata lokaci a kan sauran, shi ne ko firjin yana da rai. Kashe shi, ka leƙa bayan nan da kyau musamman gindin dogon gwangwanin da kan katakon da yake ƙasa. In ka ga wani gari ko tabo mai ruwan ɗorawa kamar an zubar da kurkur ya bushe, ko ka buɗe ƙofar firjin ka ji wari mai hawa kai irin na makewayin da rana ta daka, toh bututu ya fashe, amoniya ta gudu. Wannan ba ya gyaruwa a nan. Kar ka sake kunna shi ko da wasa, don haidurojin yana kamawa da wuta, kuma garin nan guba ne, kar ka taɓa da hannu, kar yara su taɓa. Amma tunda ka ce yana yin sanyi da asuba, ina kyautata zaton naka da ransa, wahala kawai yake sha.

Toh sai maganar tsayuwa, wadda ni a ganina ita ce ta fi kashe firjin nan a hannun mutanenmu kuma ba wanda yake kawo ta a ransa. Tunda ruwan ciki da kansa yake gangarowa ba famfo ne yake tura shi ba, dole motar ta tsaya daidai. Karkacewar da masu ƙera shi suke yarda da ita kaɗan ce, wajen digiri 3 ta gefen firjin, digiri 6 ta gaba da bayansa. Kai kuma a gona kake fakin, a kan kunya ko gefen kwalbati ko gangaren fadama, taya ɗaya a rami ɗaya a tudu, mutum ma yana kwance a ciki bai damu ba sai dai ya ji kansa ya ɗan yi ƙasa. Shi kuwa firjin ruwan sai ya taru a wani lungu ya ƙi komawa tukunya, tukunyar ta yi ta cin wuta babu isasshen ruwa, zafi ya wuce ƙa'ida, sinadarin hana tsatsar nan ya daskare ya zama kamar ƙanzo a cikin siririn bututun da yake kai ruwa sama. Kuma wannan ɓarnar ba ta gogewa, taruwa take, yau kaɗan gobe kaɗan, sanyi yana raguwa har ranar da zai toshe gaba ɗaya. Ka nemi lebul ɗin magina, ƙaramin nan mai ɗigon iska a cikin ruwa, ka ɗora a ƙasan firizar ba a kan teburin motar ba, ka duba ta tsaye ka duba ta kwance. In babu, ka zuba ruwa a faranti mai faɗi ka ajiye a ciki ka ga ko ya karkata. Sai ka samu guntayen katako masu kauri guda huɗu ka dinga yawo da su a motar kana hawa kansu da tayar da ta yi ƙasa. In motar tana tafiya babu damuwa, jijjigar hanya tana kaɗa ruwan, matsalar a tsaye take. In ka san za ka tsaya a karkace fiye da ɗan lokaci, gara ka kashe shi.

Sai kuma zafi, kuma yadda ka siffanta abin, sanyi da asuba zafi da azahar, nan na fi zargi. Ka duba takardar da take manne a cikin firjin ko a bayansa, akwai wajen da aka sa harafi. In ka ga N ko SN, an yi shi ne don wajen da zafi bai wuce digiri 32 ba. ST har 38, T har 43. Yawancin na motocin Turai N ko SN ne, an yi su don yawon hutu a Jamus da Holan. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu a Jigawa digiri 40 ba labari ba ne, kuma wannan a inuwa kenan, balle bayan firji a cikin akwatin ƙarfe da rana ta daka tun hantsi ga kuma wutar gas tana ci a wajen. In faifan saman nan bai samu iskar da za ta huce shi ba amoniyar ba za ta koma ruwa ba, in ba ta koma ruwa ba babu abin da zai ƙafe a firiza, shikenan magana ta ƙare.

A jikin motar akwai taga biyu masu raga, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, wasu ta saman a kan rufi take. Iska tana shiga ta ƙasa ta kwashi zafi ta fita ta sama. Abin dariya, Turawa suna da wani murfin roba da suke maƙalawa a kan tagogin nan lokacin sanyinsu don kar firjin ya yi sanyi fiye da kima, kuma motoci da yawa da murfin nan suke shigowa, ba wanda ya san na cirewa ne, ana ɗauka ado ne. Ka duba, in akwai ka ɓalle shi ka ajiye. Wani kuma da kansa yake toshe tagar da kwali ko leda wai don ƙurar hunturu. Bayan haka ka cire ragar gaba ɗaya ka share faifan da burushi mai laushi, za ka sha mamakin ƙura da yanar gizo-gizo da ƙaiƙayin shinkafa da suke wajen. Sannan ka sa a ɗaura maka fanka ƙanana guda biyu, irin na cikin kwamfuta masu aiki da batir 12, a tagar sama suna hura iska waje, ba ciki ba, waje. Ba sa cin wutar kirki kuma wlh bambancin da suke kawowa ya fi kuɗinsu nesa ba kusa ba. Ka kuma dinga juya motar yadda ɓangaren firjin ba zai kalli yamma ba, in akwai darbejiya ko mangwaro ka shiga ƙarƙashi, in babu ko zana ka kafa a gefen, ka bar tazara dai don iska ta wuce.

Yanzu wutar da take dafa tukunyar. Hanya mafi sauƙi ta gane inda ciwon yake ita ce ka gwada shi a kan kowacce daban. Fara da 230, a gida, motar a daidai, firjin babu komai sai gorar ruwa ɗaya, ka bar shi ya kwana. In ya yi sanyi sosai a nepa amma ya ƙi a gas, toh bututansa lafiya lau, matsalar tana ɓangaren gas. In duka biyun ya ƙi, sai a koma kan bututan. Sai dai ka lura da wani abu, abin da yake dafawa a 230 hita ce 'yar ƙarama, wajen wat 100 zuwa 150, kuma hita in wuta ta yi ƙasa ƙarfinta yana faɗuwa fiye da yadda ake zato. Wutar da ta sauka daga 230 zuwa 180 hitar kashi 60 cikin 100 kawai za ta bayar, mai wat 125 ta koma kamar 76, za ka taɓa ka ji ɗumi ka ce tana aiki alhali ba ta kai ta tafasa ruwan yadda ya kamata ba. Mu kuma a ƙauye mun san irin wutar da ake samu a ƙarshen layi, da ta ƙaramin janareto da aka ɗora wa kaya. Ka sa mita a soket ka gani tukuna. Ita hitar ma ana aunawa, a cire wuta a zare wayoyinta a sa mita, mai wat 125 za ta nuna om 420 ko kusa da haka, in ta nuna babu komai ta ƙone, kuma canza ta ba wani aiki ba ne, zare ta ake daga aljihunta a zura wata mai ƙarfi iri ɗaya. Kar a sa wadda ta fi ƙarfi wai don ya fi sanyi, ƙona tukunyar za a yi. In kuma wani ne yake karantawa motarsa daga Amurka ta zo, tasa ta 120 ce, kar ya kuskura ya jona a tamu kai tsaye.

Maɓallin batir kuwa ba na zama ba ne, na tafiya ne kawai, don ya riƙe sanyin da aka riga aka samu yayin da inji yake kunne. Yana jan wajen amfiya 10 babu tsayawa, batir mai lamba 100 cikin awa biyar ya sha rabinsa, ka wayi gari mota ta ƙi tashi a tsakiyar fadama. In da a kan batir kake barin sa a gona toh ka ma samu amsarka.

Gas ɗin shi ne ya kamata ya fi kowanne sanyi in komai lafiya. Ka kunna ka leƙa harshen wutar ta 'yar tagar da aka yi masa, da magariba an fi gani. Ya kamata ya zama shuɗi, a tsaye, yana ɗan huci a hankali. In ja ne ko ruwan ɗorawa, yana rawa kamar na aci-balbal, akwai datti. A bara na buɗe wani, na cire ɗan murfin gwangwanin da yake rufe da murhun, sai ga gidan zanzaro an gina shi tsaf da jar laka a daidai ramin da iska take shiga, ɗakuna uku har da tsutsotsin da ta tara a ciki, a kan murhun kuma tsatsa ce ta zubo daga bututun hayaƙi ta yi tsibi kamar garin barkono. Wutar tana ci ta gefe ɗaya kawai. Na kankare, na hure, na zaro wani murɗaɗɗen ƙarfe da yake rataye a cikin bututun hayaƙin na goge kunkunniyar da ta kama shi na mayar, kafin la'asar firizar ta fara kama yatsa. Wannan murɗaɗɗen ƙarfen kar a yar da shi, ba shara ba ne, shi yake tsare zafi ya daɗe a jikin tukunya, kuma a mayar da shi daidai tsayin da aka same shi. Shi kuma jet ɗin, ɗan ƙaramin ramin da gas yake fitowa, kar a zura masa allura ko waya kamar yadda ake yi wa na risho, ramin zai buɗe wuta ta yi yawa. A jiƙa shi a sifirit a hure da iska kawai. In kuma kana danna maɓalli wuta ta kama, kana saki ta mutu, wannan ɗan siririn ƙarfen ne da kansa yake shiga cikin harshen wutar, ko ya goce ko ya gaji, a gyara masa zama ko a canza.

Sai regileta. A takardar nan dai za ka ga an rubuta 30 mbar, wato matsin gas ɗin da yake buƙata, wasu tsofaffin motocin Jamus kuma 50. In naka na 50 ne ka haɗa masa regiletan girki na gida wanda yake wajen 30, wutar za ta yi kyau a ido amma ba ta da ƙarfi, sanyi rabi da rabi. Kar kuma a ce za a magance da regiletan nan mai murɗawa na masu suyar kasuwa, wannan neman gobara ne. A samu wanda lambarsa ta yi daidai. Duk mahaɗar da aka taɓa a shafa mata kumfar omo a ga ko tana tasowa, ba ashana ba dan Allah. Cin gas ɗinsa ba yawa, gram 250 zuwa 400 a kwana gwargwadon girmansa, tukunya mai kilo 12.5 tana iya kai ka wata guda har da ɗoriya.

Wani abu da ba zan tsallake ba tunda a ciki kake kwana. Hayaƙin wutar nan dole waje zai fita, kuma tsakanin bayan firjin da ɗakin motar dole a toshe yake ruf. Wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da irin gubar da take kashe mutane in sun kwana da janareto ko gawayi a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. In an taɓa zaro firjin aka mayar ba a liƙe gefunan ba, ko kana tashi da ciwon kai a motar, ka kashe gas ɗin sai an duba. Kuma a kashe shi kafin a shiga gidan mai.

Ƙananan abubuwa kuma, ka sa takardar naira a bakin ƙofa ka rufe ka ja, in ta zare salin alin robar ta saki, ka zagaya duk gefunan haka. Ƙanƙarar da ta taru a faifan ciki ka bar ta ta narke da kanta, kar ka sa wuƙa. Kuma firjin nan ba ya son gaggawa, yana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya kankama, wani lokacin sai ya kwana ya wuni, saboda haka a kunna tun daren jajibirin tafiya, a zuba masa kayan da suka riga suka yi sanyi. In ka cika shi da fiya wata mai zafi leda guda da tsakar rana, ma'aikata kuma kowa ya zo ya buɗe ya ɗauka, ba zai taɓa farfaɗowa ba sai dare.

In duk ka yi waɗannan, ya samu daidaito, ya samu iska, wuta tana ci shuɗiya, ka ba shi awa biyu sai ka kai hannu a hankali. Dogon gwangwanin zai yi zafi, wannan daidai ne. Bututan nan masu lanƙwasa su ma ya kamata ka ji ɗumi a jikinsu. In gwangwanin ya yi zafi kamar zai ƙone hannu amma su bututan sanyi ƙalau, firiza kuma shiru, ruwan ba ya zagayawa, ya toshe. Akwai dabarar da ake yi ta zaro firjin a kifa shi a kansa ya kwana, a mirgina shi gefe da gefe, a tsayar ya huta sannan a kunna. Na yi ta ba sau ɗaya ba, wani lokacin tana tayar da shi, amma gaskiya in ƙanzon nan ya riga ya kama, sati kaɗan ko wata kaɗan zai koma gidan jiya. Ka gwada tunda ba kuɗi za ka kashe ba, kar dai ka biya wani kuɗi mai yawa a kanta da sunan gyara. A Turai da Amurka ana sayar da bututan bayan gaba ɗaya a kwance tsohon a ɗaura sabo, amma kafin ka yi oda ka biya dakon ƙarfe mai nauyi haka ya iso Kano, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Na hannu da za ka iya tsinta a Kofar Ruwa wajen masu kwance motoci shi ma sa'a ce, ba ka san karkacewar da ya sha ba, sai dai in mai shi ya yarda a kunna a gabanka ya kwana.

In ta kai ga canzawa, ni ra'ayina kar ka sake sayen irinsa. Ka nemi firji mai kwamfuresa wanda yake aiki da batir 12 kai tsaye, irin wanda masu sola suke sayarwa. Ba ruwansa da karkacewar gona, yana yin sanyi cikin awa ɗaya ko biyu, kuma zafinmu ba ya kayar da shi kamar wancan. Lissafinsa kuma mai sauƙi ne, a ce yana cin wat 50 in yana juyawa, a zafin bazara ya yi awa 14 yana aiki a kwana, wat 700 kenan, kusan amfiya 60 daga batir. Toh ka ga faifan sola na wat 300 a kan rufin motar da batir mai lamba 150 zuwa 200 za su riƙe shi hankali kwance, in lithium ne mai 100 ma ya isa, sai dai ka dinga goge faifan don ƙurar hunturu tana rage shi sosai. Batirinsa daban da na tayar da mota. Waya mai kauri, 6mm in da ɗan nisa, da fiyus kusa da batir, don siririyar waya ita take sa firjin nan ya yi ta kamawa yana sakewa a ce ya lalace. Bututun gas ɗin tsohon kuma a toshe shi da murfin ƙarfe mai zare, ba a lanƙwasa a ɗaure da roba ba. Ka auna ramin da kyau kafin ka tafi kasuwa, tsayi da faɗi da zurfi, har da faɗin ƙofar motar, na taɓa ganin wanda ya saya ya ƙi shiga sai da aka cire kujerar gaba.

Shawarar wancan da ya ce ka sa na gida, tana yiwuwa amma sai da inbata, inbatar tana shan nata kason ko firjin yana hutawa, kuma lokacin tashin kwamfuresa tana fizgar wuta ninki da yawa, ƙaramar inbata ba ta ɗauka. Ga hanyar gona da gargada, ƙofa tana buɗewa a kwana, bututan jan ƙarfe suna jijjiga har su tsage. Kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In dole sai shi, a ɗaure shi da kyau, a sa wa ƙofar sakata, a zaɓi mai harafin T.

Ka ambaci cewa kana ajiye allurar dabbobi a ciki. Wannan ka fitar da ita yau, yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake son su, firjin da yake komawa ɗumi da azahar ƙila ya riga ya lalata su ko da kwalbar ba ta canza kama ba. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye a ciki ka dinga dubawa asuba da azahar, hannu ba ya faɗar gaskiya. Tumatir da tattasai da alayyahu kuma ba sai sun cinye maka wuri ba, dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, a busasshen zafin rani tana aiki sosai, ka ajiye ɗaya a inuwar motar ka bar wa firjin ruwa da nono.

Ka ɗauko min hoton takardar da take jikinsa, da hoton bayansa bayan ka cire ragar ƙasa, da na harshen wutar da magariba, sannan ka faɗa min lambar da ma'aunin ya nuna da asuba da kuma ƙarfe biyun rana bayan ka cire murfin tagogin ka daidaita motar. Da waɗannan zan iya gaya maka ko ka kawo shi shago ko kuwa mu fara lissafin sola. A gaida mutanen gida.